Ɗan'uwa, yunwar marka ce ke cin ƙudan zumanka

Assalamu alaikum. Malam da ya ce ƙudansa sun ragu tun shigowar Agusta, yana tsintar gawarwaki a bakin amya, alhali ya karanta cewa ƙudan zuma na kai wata shida: wallahi ina karantawa gabana ya faɗi, don na sha wannan ɗacin.

Wata shidan nan na ƙudan ƙasashen sanyi ne, irin su Jamus da Kanada. Waɗanda aka ƙyanƙyashe dab da sanyi ba su da 'ya'yan da za su shayar, ba sa fita kiwo, sai su tara kitse a jiki, su dunƙule wuri ɗaya suna karkaɗa jiki don ɗumi, suna lasar zumar da suka ajiye. Namu kuwa ina suka ga wannan hutun? Hunturunmu ne ma lokacin aikinsu: gawo ya yi fure, mangwaro, kaɗanya, ɗorawa. Ma'aikaciya, wato ƙudan da ke fita kiwo, a irin wannan lokaci mako biyar zuwa shida take yi, fiffikenta ya yage, ta faɗi a daji. Ba ka lura ne kawai saboda sarauniya na zuba ƙwai, cikin mako uku wasu sun maye gurbi. In marka ta sauka, ruwa ya hana fita, ya wanke furanni, sai sarauniya ta rage ƙwai. Tsofaffi na mutuwa, babu masu gado. Har mazan sukan kora waje.

Ni abin da ya kashe ni kwaɗayi ne da mugun ɗan kasuwa. Wani mai sayen zuma ya zo mini a ƙarshen bazara, ya yi ta zuga ni, wai "kwashe duka, Alhaji, damina za su sake cikawa." Na kwashe, ko saƙa ɗaya mai zuma ban bari ba. Amya tara gare ni. Wata safiyar Agusta, bayan kwana uku ana ruwa, na je na kara kunne a ta farko, shiru. Na buɗe, saƙa a bushe kamar ganyen kaka, 'yan ƙudan da suka rage kawunansu a cikin ramuka, sun mutu suna neman abinci. Tsutsar da ke cin kakin zuma ta fara saƙa zarenta. Bakwai haka, wasu sun mutu, wasu sun tashi. Na zauna a kan tushen kalgo, ɗana na tambayata, na kasa magana. Mutumin nan kuma har yau da sauran kuɗina a hannunsa, in mun haɗu a kasuwa sai ya kau da kai. Na bar shi da Allah.

Ka je gobe da sassafe ka ɗan ɗaga bayan amyar. In ba nauyi, dama sukari da ruwa, gwangwani ɗaya da ɗaya, ka sa musu a ciki da yamma, ka jefa karare kada su nutse. Kada ka ajiye a waje, ƙudan wasu za su far musu. Ka rage faɗin ƙofa. Ka duba ko murfi na yoyo, ka shafa baƙin mai a ƙafafun abin da ka ɗora amyar a kai saboda tururuwa.

Amma akwai gonar wake kusa da kai? In gawarwakin tuli ne a rana ɗaya, harsunansu a waje, wannan feshi ne. Ka lallaɓi mai gonar ya riƙa yi da magariba. Turo mana hoton bakin amyar mu gani, Allah ya tsare maka su.