Kitsen jini ya fito lafiya, amma kada ka saki jiki

Ɗan'uwa, ka ce ka yi gwaji a Ingila kitsen jininka ya fito lafiya, ga abokin aikinka ɗan Indiya da bai kai ka jiki ba yana kwance da bugun zuciya, shi ne kake tambaya ko mu baƙar fata mun tsira. Wallahi ba mu tsira ba. Ƙofar da ciwon ke shigo mana ce daban.

Na daɗe ina aikin jinya. Abu biyar ake dubawa don gane haɗarin ciwon zuciya da na suga: faɗin ƙugu, hawan jini daga 130/85, suga kafin karin kumallo daga 5.6 a ma'aunin mmol/L, kitsen da ake kira tiragilisaraid, da ƙarancin kolestarol mai amfani. In uku suka haɗu, akwai haɗari. Mutanen Indiya da Pakistan kitse na taruwa musu a cikin ciki ko da sirara ne, shi ya sa a 2005 Ƙungiyar Ciwon Suga ta Duniya ta sa wa mazansu iyakar ƙugu santimita 90, Turawa 94. Mu kuwa ma'aunin Turawa aka ara mana, kafin a samu namu.

Ga inda gizo ke saƙar: tiragilisaraid ɗinmu yakan zauna ƙasa ko da suga ya fara taɓa jiki. Takarda ta fito fes, hawan jini na can yana cin ƙoda da jijiyoyin ƙwaƙwalwa.

Haka ya faru da yayana. Ya ninke takardar gwajinsa ya sa a aljihun gaba, kowa ya zo sai ya nuna masa. Na roƙe shi ya riƙa auna jini, ya ce ai ba ya ciwon kai. Wata asuba yana alwala buta ta suɓuce daga hannunsa na dama, bakinsa ya karkace. Da muka kai shi asibiti jininsa ya haura 200. Har yau da sanda yake zuwa masallaci.

Don Allah ka samu tef irin na tela ka auna cikinka ɗan sama da cibiya. Kada ya kai rabin tsayinka. Ka sayi na'urar awon jini, ka riƙa rubutawa safe da yamma na mako guda, ka kai wa likita. Gishiri da dunƙule a rage. In kana ɗauke da ƙwayar sikila, ka faɗa kafin gwajin suga na HbA1c, don wani lokaci takan karkatar da sakamakon.