Da gaske William da ya ci Ingila ba ɗan aure ba ne?

Tambaya: Salam malam, na ji an ce sarki William da ya ci Ingila da yaƙi a 1066 ba ɗan aure ba ne. To yaya aka yi ya gaji sarauta, kuma me ya haɗa shi da gidan sarautar Ingila?

Amsa: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Gaskiya ne, an haife shi wajen 1028 a garin Falaise, babansa Robert mai mulkin Normandi a arewacin Faransa bai auri mahaifiyarsa Herleva ba, kuma abokan gaba sun sha yi masa gori da hakan.

Amma ka duba jininsa. Kakan kakan babansa shi ne Rollo, ɗan Bayikin daga cikin mayaƙan ruwan nan na arewacin Turai, wanda sarkin Faransa ya ba shi ƙasa a 911. Daga Rollo sai ɗansa, shi ma William sunansa, sai Richard na ɗaya, sai Richard na biyu, sai Robert baban William ɗin da muke magana. Shi Robert kafin ya tafi ziyara Ƙudus sai ya sa manyan ƙasa suka yi wa yaron mubaya'a, ai kuwa bai dawo ba, ya rasu a hanya a 1035, yaron bai wuce shekara takwas ba. Nan ne ni yake ba ni tausayi wallahi, maraya a kan karaga, ana ta kashe masu riƙonsa ɗaya bayan ɗaya har ɗayansu ma a ɗakin da yaron yake kwana aka kashe shi. Sai a 1047 da sarkin Faransa Henry ya taimaka masa ya murƙushe 'yan tawaye sannan ya soma samun gindin zama.

Maganar Ingila kuwa ta wajen mace ta biyo. Emma, 'yar'uwar kakansa Richard na biyu, ita ta haifi sarki Edward na Ingila. Edward ya mutu ba ɗa, William ya ce ai dama ya yi masa alkawarin gado, manyan Ingila kuma suka naɗa Harold, ɗaya daga cikinsu. A ganina wannan dangantakar ba ta isa hujjar gado ba, takobi ne ya raba gardama a Hastings ranar 14 ga Oktoba 1066, aka kashe Harold, aka naɗa William ranar Kirsimeti.

Da zai mutu a 1087 ya bar wa babban ɗansa Robert ƙasar Normandi, ɗansa William Rufus kuma Ingila, ƙaramin nasu Henry ya samu kuɗi kawai, amma shi ya haɗe duka biyun a 1106.