Ƙanina ya faɗa shan ƙwaya a ƙauye: mu kai shi gidan mari?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da ƙani ɗan shekara 23 a ƙauyenmu da ke ƙaramar hukumar Soba. Tun da sa'o'insa suka watse ci-rani zuwa Abuja da Legas, aka bar shi da gona da tsofaffin iyayenmu, ya fara shan tiramol wai don ya ji ƙarfin noma. Yanzu ya daina zuwa majalisa, abinci ma sai an matsa masa, kuma a ɗaki yake wuni. Kawunnanmu sun ce a kai shi gidan mari. Ina neman shawara.
Wani mai karatu, Tudun Wada, Kaduna.

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam, Allah ya ba shi lafiya. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da Majalisar Ɗinkin Duniya a 2018 ya nuna cewa 'yan Nijeriya kimanin miliyan 14.3 ne ke ta'ammali da miyagun ƙwayoyi, amma abin da ya fi jan hankalina a wasiƙarka shi ne yadda lamarin ya faro: sai da abokan hira suka tafi sannan ƙwaya ta shigo. Saurayin da ya saba dandali da gayya, idan ya wayi gari babu wanda zai kira sunansa in ba za a aike shi ba, abin da ya sha don noma shi zai koma sha don ya manta. Ƙin cin abinci da ƙaurace wa mutane kuwa suna daga alamomin ciwon damuwa, wanda likita ke ganowa kuma yake da magani.

Don haka ban goyi bayan gidan mari ba, domin wanda kaɗaici ya kayar ba a tashe shi da sarƙa. Ka tuna wa kawunnanka, cikin ladabi, da abin da aka gani a Rigasa a watan Satumba na 2019, lokacin da 'yan sanda suka fito da ɗaruruwan maza da yara daga wani gida irin wannan, wasunsu da mari a ƙafa da tabon duka a baya.

Kada kuma a ƙwace masa ƙwayar dare ɗaya, saboda jikin da ya saba da tiramol yakan tayar da gumi, ciwon gaɓoɓi, gudawa da rashin barci, har wahalar ta mayar da mutum ruwa. Ka kawo shi Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Barnawa, ko asibitin koyarwa na Shika, wanda ya fi kusa da Soba, inda za a duba shan da damuwar a tare.

Kafin nan ka je da ƙafarka, ku zauna ku biyu ba a gaban iyaye ba, ka tambaye shi abin da ke cin ransa ba tare da faɗa ba. Idan ka ji ya ce ya gaji da duniya, ka kwashe maganin feshi da na ɓera daga gidan, kada a bar shi shi kaɗai, kuma a ranar ku kama hanyar asibiti.