Gadon Barci da Gadon Gida

Wata 'yar'uwa daga Kafanchan ta aiko da tambaya biyu. Mahaifinta, wanda ya yi shekaru yana aikin bishara a ƙauyuka, ya yi barci cikin Ubangiji, kuma iyali suna so su rubuta "Alheri gadon barci ne" a takardar sujadar tunawa da shi, da nufin cewa ya bar musu gadon alheri. Ta ce, shin karin maganar ta dace? Kuma daidai ne a ce mutum ya gaji bangaskiya?

'Yar'uwa, Allah ya ba ku haƙuri, ya albarkaci baya. Kalmomi biyu ne rubutun boko ya haɗe su. Akwai gado na kwanciya, wanda ake furta "ga" ɗinsa a gajarce. Akwai kuma gado na abin da mamaci ya bari, mai dogon "gaa", murya ta faɗi a ƙarshe. Na cikin "Alheri gadon barci" shi ne na kwanciya: wanda ya yi alheri ya shimfiɗa wa kansa wurin hutawa. Don haka karin maganar ta dace da mahaifinki sosai, sai dai a kansa take magana, ba a kanku ba.

Tambaya ta biyu ta fi nauyi. A Hausa ba gona da shanu kaɗai ake gada ba. Ana gadon ƙira, da wanzanci, da malanta, har da hali, shi ya sa ake cewa barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Wanda bai gada ba, ya shiga da kansa, shi ne ɗan haye. To amma ki dubi ginin kalmar bangaskiya. "Ban" ɗin nan shi ne na ban-ruwa da ban-kwana da ban-haƙuri, daga "ba da" ya fito. Aiki ne da mutum yake yi da kansa, babu mai yi wa wani. Manzo Bulus ya tuna wa Timoti bangaskiyar da ta fara zama a zuciyar kakarsa da mahaifiyarsa, sannan ya ce ya tabbata tana tare da shi ma. Ya ambaci tushen, bai ɗauke wa saurayin nauyinsa ba.

Tarihin Isawa, wato mabiyan wani malami mai suna Malam Ibrahim, ya nuna wannan a fili. Malam Ibrahim ya riƙa koyar da almajiransa girman Annabi Isa, aka kashe shi a Kano a ƙarni na 19, mabiyansa suka watse zuwa wajen Ningi da ƙasar Zazzau. Bai bar musu gida ko dukiya ba, sai magana. A 1913 wasu daga zuriyar mabiyan suka taka da ƙafarsu zuwa wurin Dokta Miller, wani Bature ɗan mishan, a Zariya suna neman ƙarin bayani. Suka zauna a ƙauyen Gimi, ciwon barci ya yi musu ɓarna, waɗanda suka ragu suka zama cikin tushen ikilisiyar Wusasa. Farfesa Ishaya Audu, wanda ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975, daga wannan tsatso ya fito. Da 'ya'yan sun zauna suna taƙama da sunan iyaye kawai, da maganar ta mutu tare da tsofaffi.

Don haka ki ce "ya gaji bangaskiya", Hausa ce mai kyau, muddin ana ganinta a aikin wanda ake faɗa wa. In kuwa kuna neman karin maganar da za ta yi magana da ku 'ya'ya, ga ta: "Gadon gida alala ga raggo." Alala a nan wahala ce. Ta ɗan yi kaushi a takardar makoki, na sani, shi ya sa nake ba da shawara ku sa ta farkon a ƙarƙashin hoton baba, wannan kuma babban wa ya faɗe ta a taron iyali bayan an sallami baƙi.