Dole ne jarumi ya mutu kafin wasa ya zama tirajedi irin na Girkawa?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce a shekarar ƙarshe, sashen wasan kwaikwayo. Na rubuta wasa bisa salon tirajedin tsoffin Girkawa, wato wasan masifa mai ban tausayi, amma 'yan ajinmu sun ce aikina ya rushe saboda jarumata ba ta mutu ba, kuma labarin ya tashi daga wani gari zuwa wani. Sun nuna mini a handawut cewa Aristotil ya wajabta mutuwar jarumi, da wuri ɗaya, da yini ɗaya. Saura mako uku in miƙa, ko barci ba na iya yi. In kashe ta ne?

Amsa: Wa'alaikumus salam. 'Yata, kwantar da hankalinki, kada ki taɓa rayuwar baiwar Allah nan tukuna.

Bari in sallami maganar wuri da lokaci da sauri, don ba ta da nauyi. Abin da Aristotil, masanin falsafar Girka da ya yi littafi kan wannan fanni, ya dage a kai shi ne labari ya zama dunƙulalle, kowane ɓangare yana riƙe da ɗan'uwansa. Batun yini ɗaya kuwa ambatonsa ya yi a matsayin abin da marubuta suka saba, bai kafa shi doka ba. Wuri ɗaya ma bai ce komai a kai ba. Wani Ba'italiye mai suna Kastelbetro ne ya ɗinka dokokin uku a 1570, Faransawa suka ɗauka suka riƙe gam. Shi kansa Eskilos, ɗaya daga manyan marubutan tirajedin Girka, a wasan ƙarshe na Orestiya, jerin wasanninsa uku, ya fara a Delfi ya ƙarasa a Atina.

To, mu zo ga mutuwar jarumi, abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya. Babu zangon karatun da zai wuce ban ci karo da wannan magana ba, a takardun jarrabawa da bakin ɗalibai, har da wasu masu koyarwa. Ɗauki wasan Odifus na marubuci Sofokilis, wanda kowa ke kafa hujja da shi. Ya mutu a ƙarshen wasan? Bai mutu ba. Jokasta ce, matarsa da aka gano uwarsa ce, ta rataye kanta, shi kuma ya cire allurar ado daga tufafinta ya tsokale idanunsa, aka tashi wasa yana raye yana roƙon a kore shi daga Tibis. Midiya ta Yurifidis, wadda aka nuna a shekara ta 431 kafin haihuwar Annabi Isa, ta yanka 'ya'yanta biyu, sannan ta hau keken allan rana ta yi tafiyarta ba ko ƙwarzane. Orestiya ta ci gasar wasanni ta birnin Atina a 458 kafin haihuwar Annabi Isa, kuma da me ta ƙare? Da shari'a: aka sallami Orestis bayan ya kashe uwarsa, aka rufe da jerin gwano da waƙa. Filoktitis na Sofokilis ya zo na ɗaya a 409, babu wanda ya mutu a cikinsa daga farko har ƙarshe. Alƙalan da aka zaɓa ta hanyar ƙuri'a daga ƙabilun Atina goma ba su ce waɗannan ba tirajedi ba ne. Mai handawut ne ya fi su sani?

A wurinsu tirajedi suna ne na wani rukuni a bikin Diyonisos, ɗaya daga allolinsu, da ake yi duk shekara wajen ƙarshen Maris. Marubuta uku ke karawa, kowa da tirajedi uku da wasan raha guda. 'Yan wasa uku ne kacal masu magana, duka maza, suna sauya fuskokin aro. 'Yan amshi goma sha biyu, daga baya goma sha biyar, suna waƙa da rawa. Labarin kuma galibi daga tarihihin jaruman zamanin dā ake ɗauko shi. Kashe-kashe ma ba a cika yin su a idon jama'a ba, ɗan aike ne ke shigowa ya ba da labari.

Gaskiya ne Aristotil ya ce a wani wuri wasan da ya fi kyau shi ne mai gangarowa daga jin daɗi zuwa masifa. Amma masifa ba lalle mutuwa ba ce. Kuma jim kaɗan bayan haka ya yabi wasan Ifijiniya a ƙasar Tauris, inda ta gane ɗan'uwanta daf da a yanka shi, suka tsira tare. Ki kuma tuna an haifi Aristotil a 384, Sofokilis da Yurifidis kuwa sun rasu a 406, duka kafin haihuwar Annabi Isa, wato sun rasu tun ba a haifi Aristotil ba. Ba su taɓa ganin littafinsa ba balle su bi shi. Mai sharhi ne da ya zo bayan an ci kasuwa.

Abin da ke ba ni haushi shi ne ɓarnar da wannan jita-jita ke yi. Wani ya kwafa daga wani, wancan ma kwafa ya yi, a buga shafi goma a sayar wa yara, ba wanda ya buɗe wasa ko guda. Tirajedin da suka rage mana talatin da 'yan kai ne, cikin ɗaruruwan da aka yi, kowanne kuma ana iya karance shi a zama ɗaya. Sai ki ga ɗalibi ya gina labari mai kyau, ya zo shafin ƙarshe ya jefo wa jarumi mota ko guba ba gaira ba dalili, don kawai a ce ya cika ƙa'ida. Wannan shi ne ainihin abin da Aristotil ya ƙi: ƙarshen da bai fito daga cikin labarin ba.

Saboda haka tambayar da za ki yi wa rubutunki ita ce: abin da ya sami jarumarki, daga ayyukanta da zaɓinta ya taso? Mai kallo zai tausaya mata, ya kuma ji tsoro a ransa? In haka ne, bar ta da ranta. Ki nemi Filoktitis da wasan ƙarshe na Orestiya ki karanta a makon nan, ki rubuta shafi ɗaya na gabatarwa da ke nuna a kansu kika dogara, ki kai wa malamin da ke duba aikinki cikin ladabi tun kafin ranar miƙawa.