Filin Tambaya da Amsa: Fim ɗinmu ya tsaya a tsakiya

Tambaya: Assalamu alaikum. Mu matasa ne a Tudun Wada, Gombe. Mun haɗa kuɗi muka fara ɗaukar gajeren fim na minti 20. Kwana uku muka yi, kuɗi suka ƙare, jarumar ta koma makaranta, abin da muka ɗauka kuma ya ƙi haɗuwa a wajen tacewa, wato yanka da jera hotunan. A ina muka kuskure?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ga dukkan alamu kun ɗauko kyamara kafin ku gama aikin takarda, kuma tun ran gini ran zane.

Ku fara da rubuta labarin kaf, har da maganar da kowa zai faɗa. A ƙa'idar rubutun fim, shafi ɗaya kusan minti ɗaya ne, don haka naku zai kai shafi 20. Tawaga mai kyamara ɗaya, in tana son aiki mai tsafta, shafi 4 zuwa 5 take ɗauka a yini. Ka ga kwana 4 zuwa 5 ke nan, ku ƙara kwana ɗaya saboda abin da ka iya tasowa. Da wannan lissafin ake zuwa hayar kaya.

Sai babban aikin, wanda masu farawa suka fi tsallakewa. Ku ba kowace fitowa lamba, ku rubuta a gabanta: a ina ne, dare ko rana, su wa ke ciki, wace sutura, waɗanne kaya. Daga nan ku tara fitowar da ke wuri ɗaya ku ɗauke su a tashi ɗaya. Ba a bin jerin labari wajen ɗauka. Idan fitowa ta 2, ta 9 da ta 15 duk a zaure ɗaya suke, rana ɗaya za a gama da zauren. Haka kuma duk inda jarumar ta fito a tattara shi cikin kwanakin da ta yi alkawari, a rubuce, da sa hannunta da na iyayenta. Da kun yi haka, da komawarta makaranta ba ta tsayar da ku ba.

Amma wannan tsarin yana da sharaɗi: mutum ɗaya ya zama ba shi da wani aiki sai lura da sutura da kaya. Ya ɗauki hoton kowane ɗan wasa da waya kafin a fara. In ba haka ba, mutum zai fita ɗaki da hula zanna ya iso ƙofar gida da dara, kuma mai tacewa ba shi da maganin wannan.

Ku ziyarci kowane wuri tun kafin ranar, a daidai lokacin da za ku yi aiki, ku tsaya shiru ku saurara. Injin markaɗe, janareta, babura, duk makirfo zai kwashe su, kuma mai kallo yakan haƙura da hoto mai ɗan duhu amma ba ya haƙura da sautin da ba ya ji. Ku gaida mai unguwa ku nemi izini. Ku tsara hutu a kan azahar da la'asar. Ɗaukar waje a yi ta da safe ko bayan la'asar, domin rana tsaka tana jefa inuwa a ƙarƙashin ido. Kada ku raba fitowa ɗaya tsakanin hazon hunturu da sararin bazara.

Batun kuɗi: a ware na tacewa tun farko, kada a taɓa shi, sannan a ajiye kashi 10 cikin 100 na ko-ta-kwana. Abinci da kuɗin mota ne suka fi cinye kasafin da ba a rubuta ba. Kowane dare a kwafe aikin yini a wuri biyu kafin a goge memori.

Tambaya: Ina Yelwa a Bauchi, da waya nake ɗaukar bidiyon girki. Ni ma sai na yi duk wannan?

Amsa: A taƙaice dai, 'yar'uwa. Rubuta matakan girkin, ki auna kayan haɗi a ƙananan kwanuka, ki yanke shawarar a tsaye za ki riƙe wayar ko a kwance, kada ki sauya a tsakiya. Sa ta a yanayin jirgi don kada kira ya katse ki, ki duba caji da sauran wuri, domin ɗauka a ingancin hoto na 4K na cin wuri kusan ninki uku na ingancin 1080. Ki tanadi albasa da mai na zagaye biyu, saboda suya ba ta jiran a gyara kyamara.