Kwanciyar jini a fuskar mutum-mutumi, da masu lasar buroshi

Tambaya: Malam, ina fentin wani ɗan dambe na roba mai tsayin milimita 75. Na so in nuna jini ya kwanta masa a ƙarƙashin ido, sai wurin ya fito kamar an shafa masa gawayi. Wani abokin sana'a ya ce in riƙa tsinka fentin da miyau, wai ya fi ruwa kwantar da launi. Ina tsoron in lalata aikin mako uku.

Amsa: Ɗan'uwa, aikinka bai lalace ba, baƙin fenti ka sa, kuma jinin da ya kwanta ba baƙi ba ne. Yakan fara da ja, bayan kwana ɗaya ko biyu ya koma shunayya, sannan gefensa ya yi kore-kore da ruwan ɗorawa. Ɗan damben da yanzu ya sha naushi ba ruwansa da kore. A fata mai duhu ma ɗorawar ba ta cika fitowa ba, sai dai wurin ya ƙara duhu da ɗan kumburi. Ka mayar da launin fatar, ka tsinka jan fentin akirilik da shunayya da ruwa har su yi kamar shayi, ka shafa siriri sau huɗu ko biyar, kowanne ya bushe tukuna. Ka dangwala gefen da guntun soso kada ya yi layi.

Sai maganar abokin naka, wadda na gaji da ji. Kullum sai na ga mai fenti ya sa buroshi a baki don ya fiƙe tsininsa, in ka yi magana ya ce ai fentin ruwa ne. Ruwan ne ya ba shi launi? Jan kadmiyom da rawayarsa da shunayyar kobalt, waɗanda ake sayarwa a bututu don masu zane, su ne daidai launukan da mai wannan aiki ke nema. Kadmiyom ƙarfe ne mai guba, a ƙoda yake taruwa, ya yi shekaru bai fita ba. Ba ranar za ka ji ciwo ba, shi ya sa kowa ke bugun ƙirji yana cewa shekara goma yana lasa bai mutu ba.

'Yan matan da ke fentin fuskar agogo da radiyom, wani sinadari mai illa da ke sa fenti ya yi haske cikin duhu, a Niyu Jasi ta Amurka haka aka koya musu fiƙe buroshi da leɓe, aka ce musu ba komai. Muƙamuƙansu suka ruɓe, magana ta kai kotu a 1928. Fentinka ba radiyom ba ne, na sani, amma wanda aka ɗura a kwalba ba takarda, wa ya san abin da ke ciki?

Ka murza tsinin a kan jiƙaƙƙen ƙyalle. Kofin wanke buroshi kuma ka nisanta shi da na shayinka.